Ba a Barina in Taka

Talata da dare, Keffi

Likita ya ce in riƙa takawa kullum saboda hawan jini. Yau ko unguwar Liman Abaji ban kai ba, wani tsohon ɗalibina ya tsayar da babur.

"Malam, kana ƙasa ina sama? Mutane su ce me?"

Kunya ta sa na hau, ya maido ni har ƙofar gida.

Barci ya ƙi zuwa. Ina ta tuna labarin marigayi Baba, na filin jirgin da sojoji suka bari cikin hamada bayan yaƙin duniya. Ya ce za ka taka shi har ƙarshe babu mai ce maka sannu. Shi da jimami yake faɗa, ni kuwa can nake so a kai ni. Idan ciwon nan ya kashe ni, ladabin mutanen Keffi ne ya taya shi.