Sahiba, Wa Ya Kai Kakata Rediyo?

Zuwa ga aminiyata Sahiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, ya zaman Jidda? Na so a ce a waya za mu yi wannan magana, to amma in na kira ba kya ɗauka, in na tura saƙo sai in ga kin buɗe kin yi gum. Shi ya sa na kawo ta nan inda jama'a ke gani. Sunan da ni kaɗai nake kiran ki da shi na sa, don kada wani ya nuna ki da yatsa.

Kin fi kowa sanin littafin nan, labarin kakata Inna Delu da ta tafi Makka a ƙasa. Kin san yadda na yi ta yawo da shi duk inda aikin kwastan ya jefa maigidana. A Maiduguri na fara shi. A Illela ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙa rabinsa, na sake daga farko. A Legas wani mai buga littattafai ya juya shi ya ce wa zai karanta tafiyar tsohuwa babu soyayya a ciki. Sai da muka dawo Kano muka zauna a Nassarawa, furfura ta fara leƙo mini, sannan na samu kamfanin da ya ce zai buga. Har an fara zanen bangon littafin.

Kin kuma san halina, ba na iya rubuta babi sai na faɗe shi da baki tukuna. Kafin ku koma Jidda, duk Asabar ki taso daga Tudun Wada, mu shimfiɗa tabarma a barandar baya, kaina a cinyarki, kina yi mini kitso ina zuba. In wuri ya yi miki daɗi sai hannunki ya tsaya. In ya yi lami ki ja mini gashi ki ce, "Malama, ƙarya kike, sake." Wallahi ban taɓa samun mai gyara mini labari kamar ki ba.

To kwanakin baya da la'asar na fito duba shukoki, Malam Idi mai gadinmu ya kunna rediyonsa a bakin get, ana shirin nan na karanta littattafai. Sai na ji wata mata ta tashi daga Kano za ta Makka a ƙasa. Na ce ai ba kakata kaɗai ta yi ba, amma dai na tsaya. Sai ga matar ta haihu a hanya, jaririn ya rasu a bakin wata rijiya a Sudan, ta tona rami da sakaina, ta kife ƙwaryarta a kan kabarin ta wuce. Babin littafina ne sak. Da aka ƙare aka faɗi sunan marubuciyar, sunan da ban taɓa ji ba, daga ji ma na aro ne.

Na yi ta nema miki mafita. Na zargi matar da ke buga mini a kwamfuta a Kawaji, na zargi ma'aikatan kamfanin ɗaya bayan ɗaya. Sai dai duk wanda ya ga rubutuna, jaririya mace ya gani, sunanta Jummai. A rediyo kuwa namiji ne, Ɗanjuma. Ni kuma sau ɗaya na taɓa cewa Ɗanjuma, ranar da na fara ba ki babin, kafin Gwaggo, 'yar Inna Delu, ta gyara mini ta ce mace Inna Delu ta binne. Ban taɓa sa shi a takarda ba. Ranar kuwa daga ni sai ke a barandar.

Mai kamfanin ma ya ji shirin. Ya kira ni ofis, da ladabinsa da komai, ya ce sun dakatar da aikin sai an gane wa ya ɗauki na wani. Ki ji fa, da furfurata ake tambaya ko sato kakata na yi. Ya ce in ina zargin wani in faɗa. Sunanki na kan harshena, na ce masa babu kowa.

Ya zan yi in faɗa? Ke kika yi jinyata lokacin da na yi ɓari a gidan nan, ke kika hana ni ƙona littafin ranar da muka dawo daga Legas ina kuka. Wataƙila a hira kika ba wata labarin ba da nufi ba, na san bakinki in abu ya yi miki daɗi. In haka ne ki faɗa, kalma ɗaya daga gare ki ta ishi mai kamfanin. In kuma ke ce a bayan sunan nan, me ya hana ki ce mini kina son rubutu? Da ni da kaina zan zauna in saurare ki. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma shirunki ke ciyar da nawa, kuma na gaji da shi, Sahiba. Ina kewar ki, ina kuma tsoron abin da za ki ce.

Allah Ya jiƙan Inna Delu da 'yar da ta bari a hanya. Allah Ya tsare ki da iyalinki, Ya fito da littafin nan da sunan mai shi. Ban taɓa roƙon Allah Ya kunyata ni ba sai a kanki: Allah Ya sa in zo ina ba ki haƙuri.

Taki har kullum,
Malama