Sani Ya Buɗe Shago, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah Ya ƙara haske a makwancinki, albishir na kawo miki. Matar jikanki Sani ta sauka lafiya. Mace ce, sunanki ta ci, muna kiranta Ummi.

Da hannuna nake rubuta wannan. Kin bar ni ban iya karatun boko ba, sai da furfura ta fito na shiga makarantar yamma a Barnawa. A can malaminmu ya nuna mana cewa marubuci kan faɗi magana a sama ya binne wata a ƙasa, wani don tsoron mai mulki, wani don kunyar abin da yake nufi.

Karatun ya yi mini rana. Ƙungiyar masu shinkafa ta kasuwarmu, wadda Sani ke ciki, ta liƙa sanarwa cewa kowa ya rufe shago "don gyaran sana'a". Na karanta a tsanake, na ce wa Sani babu wani gyara, so ake a ɓoye kaya har su yi tsada. A lokacin matarsa na da tsohon ciki, ya fi kowa buƙatar ribar. Ban ce masa yi ko bari ba. Washegari ya buɗe shagonsa.

'Yan ƙungiyar suka daina gaishe shi. Shugabansu, Alhaji Ɗanlami, ya ce ba mai taka mana gida ranar suna. Kin san ɗan kasuwar da 'yan'uwansa suka juya wa baya ba ya daɗewa a sana'a.

A aji mun sha gardama, wai ɗan Adam mugu ne tun asali, tsoron hukuma kawai ke riƙe shi. Ni kuwa ke nake tunawa a Makera, kina auna gero mudu na zuba, kina cewa, "Mutum ba ya ƙin gaskiya, zama shi kaɗai a cikinta yake tsoro."

Maganarki ta fito, Inna. Shaguna suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar suna gida ya kasa ɗaukar jama'a. Alhaji Ɗanlami ya zo a makare, ya raɓe bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na ɗauko jaririyar na ɗora masa a cinya. Ya yi ta yi mata addu'a, kuma bai tashi ba sai da ya ci tuwonmu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya raya Ummi a cikin mutane masu cika mudu.

Ɗanki da farin ciki ya hana zama,
Garba