Yatsana Ba Zai Hau Inda Kika Rubuta Ba

Zuwa ga Araba, sanyin idona, iskar bakin teku da ta iske ɗan Savelugu cikin zafi ta hura masa rai, wadda na rasa sukuni tun ranar da na gan ta rungume da babban gogenta kamar mai lallashin jariri.

Ina rubuto miki ne saboda duk lokacin da na buɗe baki a gabanki sai ki ɗaga girar nan taki, magana ta gudu ta bar ni da haushi. Kwana tara ya rage a yi bikin 'yancin kai, mu huɗu mu hau dandali a Accra mu kaɗa kiɗan da kika shekara biyu kina tsarawa, amma sau uku ke nan muna tashi daga gwaji ko kallona ba ki yi ba. A kan me? A kan sauti ɗaya tak! Haba Araba, haba farin watana, wannan wace irin azaba ce?

Kin tuna ranar da na kai ki gidanmu? Baba yana zaune a gindin kaɗanya yana goga ƙaro a izgar gogensa, ke kuma kina fama da tuwo mai zafi, yatsunki sun yi ja amma kin ƙi ajiyewa. Da ya gama kallon ki sai ya ɗora gogensa a cinya ya kaɗa taken kakana Neindow, taken da bai taɓa yarda wani bare ya ɗauka ba. Na ga hawaye yana bin kumatunki, ni kuwa a ranar na gama mutuwa a kanki. Da ya sauke izga ya ce, "Tafi da taken nan, 'yata, na ba ki. Sai dai ki riƙe shi yadda kika same shi." Baba ba mai yawan magana ba ne. Da wannan ya karɓe ki.

Kin tafi da shi kuwa, kin haɗa shi da waƙar masuntan garinku, kuma wallahi haɗin ya yi kyau. In gogenki ya yi gurnani daga ƙasa nawa ya amsa daga sama, tsigar jikina tashi take yi. Amma a tsakiyar taken akwai inda sautin ke sauka kaɗan, ya tsaya a wurin da fiyano ba shi da shi. A gidanmu durƙuso muke ce masa. Nan ne mai goge ke rusunawa da sauti ya gai da wanda aka yi wa taken, tunda ba ya iya tashi daga zaune da goge a hannu. Ke kuma kika zauna gaban fiyano, kika ji bai dace da maɓalli ba, kika ɗaga shi kika miƙar da shi a takarda.

Da na yi magana kika ce, "Wumbei, in na bar shi a karkace zai yi karo da waƙar masunta. Ƙasa ɗaya nake so mutane su ji." Tetteh mai matsakaicin goge har da dariyarsa: "Kai ɗan Arewa, a kan faɗin gashin doki ɗaya za ka rasa mata? Ɗaga yatsan mana mu je mu ci dokunu, yunwa nake ji!" Kowa ya yi dariya, har ke. Dariyarki da nake iya tafiya Tamale a ƙasa don in ji, ranar ita ce ta ƙona min rai.

Ki gaya min, ya rabin raina, wace irin ƙasa ɗaya ce wadda sai na wuce kakana a tsaye kafin a bar ni in shiga? Wa ya gayyato fiyano cikinmu? Goge huɗu ne mu, ba tsani irin na jita a wuyan ko ɗaya, yatsa yana iya sauka duk inda zuciya ta aike shi. Me ya sa kika fi gaskata takarda a kan kunnen da kika yi kuka da shi?

Baba zai zo. Zai yi awa goma sha biyu a mota da ciwon gwiwarsa, ya sa rigar saƙinsa ta bikin sarauta, ya zauna a gaba. In ya ji an miƙar da durƙuson ba zai yi faɗa ba, na san shi. Zai ce, "Yara sun iya," ya koma gida, kuma ranar aurenmu zai bar gogensa a rataye a bango. Ina tsoron wannan, Araba, kuma ina jin haushinki, kuma ina son ki, duka a lokaci guda, har na rasa wanda ya fi ƙarfi.

Ina roƙon ki, ki zo ɗakin gwaji ranar Talata kafin sauran su iso. Ki bar takarda a gida. Ki ɗora yatsanki a kan nawa ki ji inda yake sauka, sannan ki nemi hanyar da masuntanki za su sauko su same ni. Na san za ki iya, ban taɓa ganin kunne irin naki ba.

In kuma kin ƙi, to ki sani tun yanzu don kada ki ce na yi miki ba-zata: ranar biki zan durƙusa. In babban gogenki bai biyo ni ba, sautin zai yi karo, duk zauren zai ji, a ce Wumbei bai iya saita yatsa ba. Ba zan gaya wa kowa dalili ba. Kiɗanki zai fita da sunansa mai kyau, kunyar kuma ni zan ɗauka. Mutum biyu ne kawai a zauren za su san ba kuskure na yi ba, ke da Baba, kuma dukansu ba na iya rayuwa babu su.

Naki a yau da gobe, ko kin sauko ko ba ki sauko ba, har izga ta faɗi daga hannuna,

Wumbei Ziblim