Ƙasar Baba Tana Manne a Katakon Bature

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu baki ɗaya. Daga Makka nake rubuto muku, a hannun wani alhaji mai komawa gida na ba da takardar. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai aya, don zagin da nake yi wa kaina ma bai bar muku wuri ba.

Ni mai fenti ne, allunan shaguna nake rubutawa a unguwar Tandabawi. Shekara bakwai da suka wuce na zo aikin hajji na zauna, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum in na hango ɗan sanda sai in canja lungu. Wani dattijo a unguwar Nakkasa, zan kira shi Baba, shi ya karɓe ni, ya ba ni ɗaki, daga baya ya ba ni 'yar autarsa. Baba yana saurayi ya baro ƙasar Hausa, ranar da sojan Turawa suka ci garinsu, ya biyo ta Sudan da ƙafa. Yanzu idanunsa sun tafi, sai kaifin kunne da hannu.

Bara wani dillali ɗan Jidda ya kawo mini gwangwani cike da 'yan sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, ya ce wani Bature injiniya ke son a yi musu fenti. Na san hukuncin mutum-mutumi, ballantana a garin nan, amma na karɓa, nake ɓoye su a bayan alluna. Kuma gara in faɗi gaskiya, aikin ya shiga raina. Da gashin jelar mage na haɗa burushi, in ɗiga wa wannan jar dara, in ja wa wancan ɗamara, masu kwari da baka in yi musu layu a wuya, har in manta ban ci abinci ba. Da na kai wa Baturen a Jidda ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni shayi, har da Hausarsa, wai ya taɓa aiki a Arewa. A nan na ga amfanin abin. Shi da abokansa, manya da furfurarsu, sun jera su a tebur suna jefa ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na 'yan caca, wanda aka ci sai a ture shi da yatsa, a yi dariya, a tashe shi a sake. Ya ce abin da ya rage masa fili ne, garin Hausawa na gaske da ganuwarsa, in na gina masa zai sa kamfaninsu ya ɗauke ni a yi mini iƙama. Na ce to tun bai rufe baki ba.

Ni kuwa ɗan birni ne na bayan zuwan Turawa, me na sani game da yadda ake tare ƙofa? Sai na tuna da Baba. Na je na durƙusa na ce masa ina so in gina garinsu a kan katako don jikokinsa, waɗanda Larabci ya cinye musu baki, su ga inda suka fito. Ƙarya na yi masa, ido biyu, shi da ba shi da ko ɗaya. Da kun ga murnar tsohon nan! Kullum bayan la'asar sai matata ta riƙo masa sanda su gangaro shago. Na kwaɓa laka na tayar da ganuwa, na murɗa waya na yi kuka, tsinken tsintsiya ya zama shinge, soso ya zama duhuwar bakin rafi. Shi kuma yana bi da yatsa yana yi mini faɗa, wai na kai rijiya gabas alhali a kudu take, wai ƙofata ta yi faɗi kamar ta masu gayyar ɓarayi. Mutumin da shekara bakwai ban taɓa jin ya ambaci ranar da aka ci garinsu ba, sai ga shi yana nuna mini inda babbar bindigar Turawa mai ruwa ta tsaya, da inda mata suka bi suka fita. Ni ina jinsa, ina lissafin inda Bature zai jera sojojinsa. Wane irin mutum ne ni?

Ran nan ya shafa filin ya yamutsa fuska, ya ce yashin Makka na barbaɗa, yana da kaifi, tasu ƙasar ja ce mai laushi. Washegari ya zo da wani ɗan ƙulli a tsumma da ya yi baƙi don tsufa. Ya kama hannuna ya kai gindin rijiyar.

Ya ce, "Nan yayana ya faɗi, nan na turbuɗe shi da hannuna na ɗebi wannan. Na ajiye ne a zuba mini a kabari, amma halas, magana ta ƙare, yaran sun fi ni buƙata. Zuba."

Na ce masa ya bari, ya ce in ban zuba ba zai zuba da kansa. Jama'a, a lokacin ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na jiƙa ƙaro na shafa, na barbaɗa ƙasar, ta kama ram. Ya karkaɗe tsumman ya miƙa wa 'yarsa, ya ce yau ya sauke kaya.

Tun ranar ba ni da sukuni. Na ɓata allon wani mai turare sau biyu. In na zauna sai in miƙe, in na shiga Harami sai in kasa haɗa addu'a. Na gwada kankare gefe da wuƙa, sai ƙasar ta taso haɗe da ƙaro da fenti, ba ƙasa ba ce kuma. Na yi tunanin gina wa Bature wani, amma dillalin ya riga ya zo ya gani, jan wurin nan ma ya fi yabawa, ya ce, "Ɗayyib ya Hajji, ya yi kyau, wannan ɗin dai, kada ka taɓa komai." Ya san ba ni da takarda, ya kuma san abin da ke bayan allunana. Bai yi mini barazana ba, murmushi kawai ya yi, ya ce farkon watan Maulidi zai turo mota.

Baba kuwa ya gama shelanta wa tsofaffin Nakkasa, har ya sa an kwashe tarkacen zaure an share inda za a ajiye. Matata mai ciki ce, in aka kama ni aka sa a jirgi, ban san wa zai riƙe su ba. In na ba da katakon, a kan kabarin yayansa za a riƙa jefa ƙwayar caca ana dariya. In na faɗa masa, da wane baki? Jiya ya tambaye ni ko fentin ya bushe, na ce saura kaɗan. Ya ce in yi sauri, shi ba ya jin zai ga wani hajjin.

Ana kawo mana jaridar nan ko da ta kwana biyu, zan yi ta zuba ido. Ku dube ni don Allah, ku gaya mini. Me zan yi?