Najwa Ba Za Ta Sha Kunun Kanwa Ba

Laraba. Aikin farko: auna jinin Najwa kafin ta karya kumallo. An yi. Ɗari da arba'in da takwas bisa casa'in da huɗu.

Lugbe, Abuja.

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Bakori. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki tsawon rai. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Malam Salisu ya koma wurin aiki bayan hidimar suna, yara suna makaranta. Jaririn Najwa, Abdulmajeed, yau kwanansa goma sha biyu, yana kama nono sosai, cibiyarsa ta faɗi ba tare da wani wari ba. Ki yi haƙuri da rubutun da ke saman takardar. Daga littafina na yage ta, wanda kike cewa ko atishawa aka yi a gida sai na rubuta a ciki.

Na zaɓi takarda ne domin na san halina. Sau uku kina kirana a waya makon nan, sau ukun kuma ina cewa to, in kashe wayar in zauna ina jin haushin kaina. Yaya Mika'ilu, na san kai za ka karanta mata, don Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka sassauta.

Saƙonki ya iso ranar Asabar ta hannun direba: ganyen runhu da na darbejiya, yajin jego, gero, da ƙullin kanwa ungurnu. Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kuma ji abin da kika ce, cewa tunda haihuwar fari ce, ko dai a kawo miki Najwa gida ta yi arba'in a hannunki, ko a yi mata wankan a nan yadda kika yi wa kowa: tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa mai kauri, da garwashi a ƙarƙashin gado. Kika ce in ba haka ba, kin cire hannunki daga sha'aninta da nawa. Gwaggo, Najwa ba za ta zo ba, kuma ba za ta sha kanwar nan ba. Na rubuta layin nan sau biyu a wata takarda kafin hannuna ya yarda ya sa shi a nan.

Ga dalilina. Tun cikinta yana wata bakwai aka ga jininta yana hawa. Bayan ta sauka, ƙafafunta ba su saɓe ba, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Likita ya auna ƙirjinta, ya ba ta magani, ya ce a rage gishiri. Da na ambaci kanwa sai ya ajiye alƙalaminsa, ya ce kanwa da gishiri aikinsu ɗaya a jiki, suna riƙe ruwa, ga zafin wanka kuma yana ƙara wa zuciya nauyi. Ya ce in mai jego ta fara kumburi da haki, ta kasa kwanciya sai a jingine, ba sanyi ba ne, zuciya ce take neman gajiya.

Da ya faɗi haka sai na tuna na taɓa ganin wannan hakin. Na dawo gida na buɗe akwati na ciro littafina na shekarar da aka haifi Najwa, shekara ashirin da biyu ke nan. Ga abin da na rubuta da hannuna a rana ta goma sha tara bayan Yaya Turai ta haife ta: ƙafar Yaya ta ƙara kumbura, tana barci a zaune, Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa a ƙara wuta, na ƙara. Washegari na sake rubuta na ƙara. Haka har kwana shida, daga nan shafin ya koma lissafin masu zuwa ta'aziyya. Ni na hura wutar, Gwaggo, ni na dama kunun. Ba na ɗora miki laifi, abin da kika gada kika yi, da ƙauna kika yi shi, kuma kwananta ne ya ƙare. Ban san ko da ba mu ƙara ba za ta tashi ba, ni ba likita ba ce, iyakata sakandare. Amma 'yar da ta bar mini a zanin goyo, ba zan dama mata wannan kunun ba.

Na san amsarki. Za ki ce kin yi wa mata sun fi talatin wanka, har da ni sau huɗu, ga mu nan garau. Gaskiya ne, kuma shi ne yake sa ni kokwanto. Jiya ma na ɗauko ƙullin kanwar na riƙe, ina cewa ko ni ce nake yi wa manya rashin kunya da ɗan karatun da bai kai ya kawo ba. Sai na tuna ni jinina bai taɓa hawa ba, na Yaya Turai kuwa ba wanda ya taɓa aunawa. Na Najwa ina auna shi kullum da na'urar da mijinta Nuraddeen ya sayo, ina kuma rubutawa.

Kada ki zaci mun watsar da na gida mun kama na asibiti kaɗai. Akwai wata ungozoma a asibitin unguwarmu, Sista Felicity, mutuniyar Bwari ce, Hausarta irin ta Abuja, kowa namiji ne a bakinta. Ta zo gida ta zazzage kayanki a tabarma tana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wannan Maman ya san aiki, ganyensa mai kyau ne, a dafa a yi wanka da shi, amma a sirka ruwan har in iya tsoma gwiwar hannuna ban janye ba. Ta ce a dama kunun geron da gyaɗa da tsamiya, a ba ta romon ƙauri da zogale da kifi, a sa yajinki kaɗan. Kanwar ce kawai ta ture gefe da bayan hannu, ta ce ko oga na sama ne ya aiko ta, kada ta shiga tukunya. Haka muke yi. Najwa tana jin daɗin wankan, ɗakin yana ƙamshin runhu kamar ɗakinki. An yi wa yaro allurar rigakafinsa ta farko, nono zalla yake sha ba ruwa, su biyun suna kwana cikin gidan sauro. Jininta ya fara sauka, kumburin ma ya ragu daga ƙauri zuwa idon sawu.

Najwa ta ji muryarki a waya ranar Litinin, ta yi kuka, ta ce a kai ta Bakori kawai kada ki yi fushi da ita. Na ce mata in fushi ne, ni za a yi wa, kuma zan iya ɗauka. Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Baba, ban taɓa ƙetare maganarki ba sai yau. In kin cire hannunki, zan yi baƙin ciki har ƙarshen raina, amma ba zan sauya ba. Abin da nake roƙo shi ne ki zo. Saura kwana ashirin da takwas a yi arba'in, kuma hannuna bai iya kaɗa ganye kamar naki ba, Najwa ma ta ce kamar shara nake yi. Ki zo ki yi mata wankan da kanki, ni in sirka ruwan.

Ki gaishe mini da Yaya Mika'ilu da iyalinsa, da Inna Rahmatu, da Abdulhakim in ya dawo daga gona. Malam Salisu da Nuraddeen suna gaishe ki da girmamawa. Allah ya jiƙan Yaya Turai, ya raya mana abin da ta bari.

'Yarki har kullum,
Muhibba

Na gobe, Alhamis:
Auna jini kafin karin kumallo.
Sayo zogale da ƙauri.
Tambayar Sista ranar allura ta gaba.
Kai takardar nan tasha, a haɗa da ƙullin kanwa a mayar.
Share ɗakin baƙi, a shimfiɗa wa Gwaggo sabon zanin gado.