Gefen Hagun Bikili

Dakko, Bakura

Zuwa ga Yaya Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina yara, ina Alhaji? Waya ba ta shiga nan, shi ya sa na ba direba takarda.

Bikili, dokin marigayi Baba, ya canza. Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, sau uku yana harbina, jiya kuwa ina sa ƙafa a likkafa ya zabura ya maka ni da ƙasa. Likitan dabbobi ya ce sai an yi mai gwaji kafin a san ciwo ne ko mugun hali. Kin ce kin yi mai inshora. To ga ranarta ta zo, in dai da gaske akwai ta, don ni ban taɓa ganin takardar ba. In babu, Nasidi na Maradun ya taya shi, gara a sayar kafin ya karya wani.

Ƙaninki, Gidaɗo

*

Talata Mafara

Gidaɗo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya, har ƙugun da ka ce an maka da ƙasa.

In da gaske akwai ta? Ni kake faɗa ma haka? Shekara biyu ina biya daga albashina na koyarwa, ban taɓa jin ka tambaya ba. Ni ma bari in tambaye ka. Dokin da Baba ke hawa da gwiwarsa mai ciwo, bai taɓa kada shi ba, shi ne yau ya zama mahaukaci? Kuma sai anka yi dace Nasidi na tsaye da tayi! Nasidin da ya yi ta yi ma Baba zarya kan dokin nan, Baba na hana shi. Ko dai dukansa kake, ko kun gama ciniki kuna neman in sa baki. Wallahi raina ya ɓaci. Na rubuta ma wakilin kamfanin. Kada dokin nan ya bar turkensa.

Ka gaida matarka Sakina. Yayarka, Hindu

*

Maradun

Zuwa ga Malama Hindu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso.

Ƙa'idarmu ita ce, muna biyan gwaji idan ana zargin sabon ciwo. Ba ma biya idan hali ne da dabbar ke da shi tun kafin a yi inshora. Na duba fom ɗin da kika cike. A gurbin halin dabba an rubuta: "Mai zafin rai ne, ba ya ɗaukar raini, ba ya yarda kowa ya zo masa ta hagu." Saboda haka, da haƙuri, ba za mu biya ba. Zan kuma so a bayyana mini dalilin da ya sa ake kiran abin sabo, alhali yana rubuce tun bara waccan.

Na gode. Ishaq Mainasara, wakili

*

Talata Mafara

Ƙanena Gidaɗo,

Sallama da gaisuwa. Ga takardar wakilin na haɗo maka, da kwafin fom ɗin, don ka gani da idonka akwai inshora. Sai dai ba za su biya ba, kuma hannuna ne ya jawo.

Ranar da munka cike shi, Baba na zaune kan buzunsa yana faɗa ina rubutawa. Na ɗauka kirari yake ma dokinsa, ka san shi in ya fara yabon Bikili. Har dariya na yi. Ashe kirari ba a sa shi a takardar kamfani! Yanzu mutumin ma kallon maƙaryata yake muna.

Kada ka ce na sauko. Har yanzu ban yarda da kai da Nasidi ba. Na aiko da kuɗin gwajin daga aljihuna, ka kai ma likita da fom ɗin, kuma rubutun likita nake son gani, ba bakinka ba.

Hindu

*

Dakko

Yaya Hindu,

Assalamu alaikum, ina wuni, ina gida? Ga rubutun likita, tunda bakina bai isa ba.

Da ya karanta fom ɗin, sai ya tsaya kan maganar hagun nan. Ya rufe ma Bikili idon hagu da tsumma, doki na cin harawarsa abinsa. Ya rufe na dama, sai ga doki na rawar jiki, yana karo da turke. Yaya, idon hagun ya mutu. In kin dube shi garau yake, amma ba ya ganin komai, kuma likita ya ce ya yi shekaru a haka.

Kin tuna ta ina Baba ke hawa? Ta dama. Duk garinga mun ɗauka don gwiwarsa ne. Ni kuwa ta hagu nake zuwa kamar kowa, ina faɗo mai daga inda ba ya gani, in ya firgita in zabga mai bulala. I, na doke shi, ba sau ɗaya ba. Nan kin yi gaskiya, kuma kunya ta ishe ni. Ciniki kam ban yi ba.

Baba ya sani, Yaya. Ya gwammace a ce dokinsa mugu ne da a ce makaho ne. Nasidi bai ji ba tukuna, ya ma ƙara tayi. Mi kika gani?

Ƙaninki, Gidaɗo

*

Talata Mafara

Gidaɗo,

Wa alaikumus salam. Na karanta na yi kuka. Ka yafe mini zargin cinikin. Na rubuta ma Malam Ishaq gaskiya, ko da za su soke inshorar. Nasidi kuma ka ce mai ba na sayarwa ba ne, kada ka ƙara ko kalma. In ka ga ba ka iya riƙonsa, ka faɗa mini.

Hindu

*

Dakko

Yaya,

Sallama. Na sallami Nasidi. Yau da safe na zo ma Bikili ta dama, na yi gyaran murya irin ta Baba. Ya juyo ya ɗora kansa a kafaɗata, ya daɗe bai ɗauke ba. Ban iya hawa ba, na dai tsaya nan.

Na rataye bulalar a zaure. Ki zo ki gan shi.

Gidaɗo