Makullin Motar Burodi

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta.

Na zaɓi rubutu ne don in na ji muryarki a waya ba zan iya faɗin abin da ke raina ba. Ranar da na'urar awon jinin da kika aiko ta iso, har maƙwabta na kira, ina ta cika baki 'yata ta tuna da ni. Ba ki gaya mini duk abin da ta auna yana tafiya wayarki ba. Ashe ɗan leƙen asiri nake ɗaurawa a dantsena kullum da yamma, ina sa miki albarka.

Sau ɗaya tak kika ga tamanin da takwas bisa hamsin da takwas, ranar da na wuni cikin rana ban sha ruwan kirki ba. Ba ki kira ni ba, ba ki kira mahaifiyarki ba, sai mai gidan burodin da nake wa aiki. Washegari ya tare ni a bakin tanda yana sunkuyar da kai, ya ce kin ce jinina ya sauka, zan iya suma a kan sitiyari. A gaban masu kwaɓa fulawa na miƙa makullin motar da na tuƙa shekara ashirin da shida ban taɓa take ko kaza ba.

Na je wurin likita. Ta auna ni a zaune, ta auna ni a tsaye. Ta tambaya ko ina jin jiri, ko ganina na yin dishi-dishi, ko gumi mai sanyi na karyo mini, ko na taɓa faɗuwa. Na ce ko ɗaya. Ta ce wasu haka jininsu yake tun ƙuruciya, lambar kaɗai ba ciwo ba ce, sai in ta zo da waɗannan alamu ake garzayawa asibiti. Ta ce in riƙa shan ruwa, ta rubuta mini takardar shaida. Na kai wa mai gidan burodi, ya karanta sau biyu, ya ce ya riga ya ɗauki wani, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Bakina bai iya cewa a kore shi ba.

Na san tsoro ne ya sa ki, amma Auta, kin ci amanata, kuma abin ya yi mini ciwo. Har yau da asuba nakan tashi in ɗaura takalmi, sai na kai ƙofa nake tuna babu inda za ni.

Mahaifiyarki da yayyenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da surukina, ki shafa kan jikokina.

Ni ne mahaifinki.